Tsaurin ido, kara da zanen dutse: amsoshin tambayoyin masu karatu daga Legas

Wani matashi mazaunin Agege, mai aiki a wani kamfani a Ikeja, ya rubuto cewa shugabarsa ta yi masa ƙorafi wai ba ya kallon fuskarta in tana magana, kamar mai ɓoye wani abu. Shi kuwa bai ma san yana yi ba. Tambayarsa: wannan kunya ce, kara ce, ko tsoro?

Ɗan'uwa, amsarka tana cikin harshen da ka tashi da shi. Bahaushe a ido ya ajiye rashin ladabi. Yaron da ya ƙura wa babba ido ana ce masa mai tsaurin ido, wanda ba ya jin nauyin kowa kuma a ce ba shi da ta ido. Tun kana ƙarami, duk sanda aka aike ka wurin baffanka sai ka tuɓe takalmi, ka tsuguna, ka sunkuyar da kai, sannan ka isar da saƙo. Ba wanda ya zaunar da kai ya karanta maka doka. Harara ɗaya daga Inna ta wadatar. Yau ga ka da kwat a ofis, amma wuyanka bai manta ba. Wannan kunya ce, kunyar girmamawa. Tsoro daban: mai tsoro so yake ya gudu, mai kunya kuwa yana nan tsaye, idonsa kawai ya sauke.

Kara ta fi wannan zurfi. Ita ce ka danne haƙƙinka don ka fifita wani. Baƙo ya sauka a tashar Iddo ya iso gidanka da yunwa, a kawo tuwo ya ce "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake", sai an matsa masa zai sa hannu. Yara su yi faɗa, uwa ta tsawata wa nata ko da shi ke da gaskiya. Daga nan alkunya ta fito, irin wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Idan abin ya yi yawa mukan ce fulako, kalmar da muka samo daga pulaaku na Fulani.

Matsalar ita ce kara sai da wanda ya san ta. Maƙwabcinka Bayarabe ya san girmama na gaba, har kwanciya yake yi ya gaida mahaifinsa, amma in ka ce masa ka ƙoshi yana iya ɗauke kwanon da zuciya ɗaya, kuma bai yi laifi ba. Na sha ganin 'yan arewa a kasuwar Mile 12 da za su yi ciniki kamar za a dambace kan kwandon tumatir, amma su kasa buɗe baki su nemi bashin da suke bin ɗan garinsu. Shawarata: a ofis ka ɗaga ido ka amsa, in ka koma gaban Malam ka sauke shi.

Wata baiwar Allah daga Idi-Araba ta ce karin magana biyu sun rikita ta. An ce "Hali zanen dutse", an kuma ce "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". In hali ba ya kankaruwa, me ake tanƙwarawa?

Hajiya, da farko a gyara furuci, domin yaran da aka haifa a nan sukan ɗauka zanen ɗaurawa ake nufi. A'a, a ja "za" ɗin, zane ne irin na jikin duwatsun Birnin Kudu a Jigawa, wanda masu yin sa suka shuɗe shi yana nan. Sannan maganganun biyu ba kishiyoyi ba ne, lokacinsu ne ya bambanta. Ta iccen gargaɗi ce ga iyaye tun yaro yana hannu. Ta dutsen kuwa ta masu zama da babba ce, ana faɗinta ne bayan an gaji, a yi haƙuri da shi. Abin da ya haɗa su shi ne "Tun ran gini tun ran zane": magini yana yi wa bango ado ne tun laka tana da danshi.

Kalmar ɗabi'a ma haka ta nuna. Daga Larabci take, tushenta ɗaya da ɗab'i da maɗaba'a, wato abin da aka buga wa hatimi. Sai dai ni ban yarda a riƙa fakewa da dutsen nan ba. Da yawa daga abin da muke kira hali sabo ne kawai. Magidancin da ba ya iya ce wa 'yarsa "sannu da ƙoƙari" ba mugu ba ne, shi ma ba a taɓa faɗa masa ba, a gidansu yabon ɗa a gabansa ɓata shi ne. Wannan sabo ne, kuma sabo yana sakuwa in mutum ya gane daga ina ya kwaso shi.

Tambaya ta ƙarshe daga Alaba Rago: mece ce ma'anar "Albasa ba ta yi halin ruwa ba"? Ruwa ba shi da wari ba shi da yaji, shi ya rayar da albasa, ta fito da duka biyun. Ana faɗinta ga ɗan da bai gaji kirkin iyayensa ba, kishiyar "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe". Kada dai ka faɗe ta a gaban uban yaron, ko da yabonsa kake nufi.