Tambaya da Amsa: Bakin wayata yana ƙonewa, dalma zan sa ko ferul?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da sola a gida, kuma wayar da ke shiga na'urar cajin batir mai silli-silli ce. Bayan 'yan watanni sai in tarar bakinta ya yi baƙi, robar wurin ta fara narkewa, sukurun kuma ya saki. Wani ya ce in shafe bakin wayar da dalma, wani ya ce in sa ferul, ɗan bututun nan da ake sa wa bakin waya. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka rabu da dalmar nan. Ranar farko za ka ga aiki ya yi kyau, amma dalma ƙarfe ne mai taushi. Idan sukuru ya danne ta, a hankali take lotsawa tana gudu gefe, musamman da yake wurin yana ɗaukar zafi da rana ya huce da dare. Kafin ka ankara sukurun da ka ɗaure tamau ya saki.

Wayar tsirara ma tana da nata aibin. Sukuru yana watsa sillayen, ya tsinke wasu, wasu su leƙo waje. Wutar da ya kamata duka su ɗauka sai ta koma kan kaɗan, daga nan zafi ke tasowa. A sola abin ya fi tsanani: kayan wat 600 a kan batir mai bolt 12 suna jan amfiya 50 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), alhali a wutar bolt 230 ba su kai amfiya 3 ba. Kuma idan amfiya ta ninka biyu, zafin da ke wurin haɗin ninkawa huɗu yake yi.

Ferul ɗan bututun tagulla ne da aka shafe da kuza, galibi da wuyan roba. Yana tattara sillayen wuri guda, sukuru ya danne bututun maimakon ya ci wayar. Sai dai girmansa ya dace da kaurin wayar. Launin wuyan robar yana nuna girman: a tsarin Jamus na DIN 46228, na waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 baƙi ne, 2.5 shuɗi, 4 ruwan toka, 6 rawaya, 10 ja. Akwai wasu tsare-tsaren launi daban a kasuwa, saboda haka ni lambar da ke jikin leda nake dubawa, ba launi ba.

Ka fere robar wayar daidai yadda sillayen za su cika bututun har baki, robar kuma ta shige cikin wuyan. Kada silli ko ɗaya ya rage a waje, kada kuma ka yanke wasu don wayar ta shiga. Sannan ka matse da filayar ferul, wadda ba ta buɗewa sai ta gama matsa, ta fitar da shi mai kusurwa huɗu ko shida. Nan ne masu ganin tsadar kayan aiki suke ɓata lamarin, su ɗauko filayar gida su lauye shi. Wannan lotsawa ce kawai, ciki da sauran rami. Bayan ka matse, ka ja wayar da ƙarfi. In ta zare, sake sabo. In waya biyu za su shiga rami ɗaya, akwai ferul na tagwaye. Waya mai ƙarfe guda kuwa ba ta bukatarsa.

Naka da ya riga ya ƙone, ka fara cire wayar faifan sola, sannan ta batir. Yanke bakin da ya yi baƙi har sai ka ga jar tagulla mai tsabta. Idan ramin na'urar ya narke ko ƙarfensa ya canja launi, ferul ba zai gyara shi ba, sai mai gyara ya sauya wurin. Wajen mayarwa, batir ake fara haɗawa, kuma ka ɗaure sukurun gwargwadon ƙarfin da takardar na'urar ta faɗa.