Ga ƙanen da ya tambaye ni batun zuwa waje karatun fulsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Ka ce ka gama digirin farko a fiziks, kana so ka fito waje ka yi mastas har PhD a kan fulsa, amma gabanka na faɗuwa don ba ka taɓa leƙa na'urar hangen taurari ba. To kwantar da hankalinka, ni ɗin nan shekarata huɗu a fannin a nan Jamus kuma ban taɓa kafa ido a jikin na'ura don aiki ba, kullum kwamfuta ce da lissafi, sai ciwon baya.

Fulsa dai gawar tauraro ce. Babban tauraro ya fashe, cikinsa ya dunƙule ya koma abin da faɗinsa bai fi kilomita 20 ba amma ya fi rana nauyi, ga juyi kamar katantanwa, ga maganaɗisu na fitar hankali. Jocelyn Bell ce ta fara gano su a 1967 a Kambirij tana ɗaliba, kyautar Nobel ta 1974 kuwa malaminta Antony Hewish aka ba, har yau abin na yi wa mutane ciwo. Wadda kowa ke fara koyo da ita ita ce ta cikin hazon Kirab, wato ragowar fashewar tauraron da masanan Sin suka rubuta a 1054, tana juyawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya.

Inda aikin yake shi ne nan: maganaɗisu in yana juyawa haka yakan haifar da lantarki mai ƙarfin gaske, lantarkin ya fizgo elektron daga jikin tauraron ya cilla su da gudu dab da na haske, su kuma suna bin lanƙwasar layukan maganaɗisu suna fitar da hasken gamma, wato nau'in haske mafi ƙarfi wanda ido ba ya gani, hasken ya sake rikiɗa ya zama elektron da fositron (kishiyar elektron mai cajin fositif), haka abin ke ta hayayyafa. Tambayar da aka kwashe shekaru ana ja-in-ja a kai ita ce a ina takamaimai ake cilla su? Da ana cewa kusa da jikin tauraron ne. Da aka harba tauraron ɗan adam na Fermi a 2008 ya samo fulsa kusan 300 masu hasken gamma, sai aka ga a'a, daga can nesa hasken ke fitowa, wajen da muke kira silindar haske, wato iyakar da in abu zai ci gaba da juyawa tare da tauraron sai ya fi haske gudu, wanda ba zai yiwu ba. A Kirab iyakar nan kamar kilomita 1,600 ce.

Sai kuma 2023, masu aiki da na'urorin hangen gamma na H.E.S.S. da ke Namibiya suka ba da sanarwar sun kamo haske daga fulsar Vela mai ƙarfin TeV 20, TeV kuwa ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske ko ƙwayar zarra ne. Don ka gane, injin LHC na cibiyar binciken CERN a Turai, mai cilla ƙwayoyin zarra a zagayen kilomita 27, abin da yake ba furoton ɗaya TeV 6.8 ne. Kuma ƙwayoyin hasken da aka gina maganar a kansu 'yan gomomi ne kawai fa, bayan dogon zaman dare, domin ba a ganin gamma ɗin kai tsaye, sai ya daki iskar sama ya bar wani shuɗin walƙiya da ba ya wuce 'yan nanosakan (ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa), shi madubai ke kamawa. Yawancinmu muna ganin elektron ne ke karo da haske mai rauni ya ɗura masa ƙarfi, amma abin da ya ba elektron ɗin wannan ƙarfi tun farko, nan kowa da tasa. Ni dai na fi karkata ga masu cewa layukan maganaɗisu ne ke tsinkewa suna sake haɗuwa can gaba da silindar hasken.

Ka ga ke nan abin da za a tambaye ka a intabiyu ba sunayen taurari ba ne. Ka koma kan lissafin Maxwell da ka'idar Einstein ta gudu, ka taɓa fiziks ɗin filasma, wato iskar gas mai cajin lantarki, yaren kwamfuta na Python kuwa dole ne. Wurin nema kuma kar ka ce sai Amurka, akwai cibiyar Max Planck a Haidelbag, akwai jami'ar North-West a Afirka ta Kudu da suka daɗe a cikin H.E.S.S., Sin ma tana da tashar hangen gamma ta LHAASO a tsaunukan Sichuwan, su ne a 2021 suka kamo hasken da ya haura PeV 1, wato TeV dubu, daga hazon Kirab.

Kafin ka tura wa kowane farfesa imel, bayanan Fermi kyauta ne a intanet. Sauke na Vela, ka jera lokutan isowar hasken bisa juyinta, sau 11 take yi a daƙiƙa, za ka ga tsauni biyu sun fito a zanen. In ya fito turo min in duba, sai ka maƙala shi a jikin imel ɗin.