Mene ne ma'anar Taegeuk Il Jang a Taekwondo?

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar Taegeuk Il Jang da yadda ake yin sa. Shi ne na farko cikin jerin Taegeuk guda 8, wato tsararrun motsin kare kai da kai hari da ake haddacewa a Taekwondo, wasan faɗa na Koriya, waɗanda Kukkiwon, babbar cibiyar wasan da ke birnin Seoul, ke koyarwa. Alamarsa Keon, wato sama, mafarin komai, shi ya sa ake fara koyo da shi. Motsi 18 ne: tare duka ta ƙasa, ta tsakiya da ta sama, naushin ƙirji da harbin gaba da ƙafa.

Inda na fi ganin ana kuskure shi ne gaggawa, da barin ɗayan hannun yana reto maimakon a janye shi zuwa ƙugu. Tsayuwa kuwa, bidiyo ba zai gyara maka ita ba, sai malami ya duba ka. In gwiwa ta fara ciwo, dakata ka ga likita.