Keken doguwar tafiya, daga ƙafa ake fara duba shi

Ka ce, "Maigida, mutumin nan da yake son ya hau keke daga Ngaundere zuwa Garwa ya zarce Marwa, me ya sa ka janye hankalinsa daga keken tseren nan da ake ɗagawa da yatsa biyu, ka nuna masa na ƙarfe mai nauyi? Ba marar nauyin ne ya fi gudu ba?"

Ya fi gudu mana, ɗana, wa ya musa? Ka ɗora saurayi mai jini a jika a kansa, babu kaya, kwalta lafiyayya, zai bar mai keken ƙarfe tun ba su fita gari ba. Amma mutumin nan ba tsere ya ce zai yi ba. Tafiyar kwanaki ce, kusan kilomita 280 daga Ngaundere zuwa nan Garwa, sannan wasu 200 da ɗoriya zuwa Marwa, ga jaka, ga bargo, ga ruwan sha. Kuma da kunnenka ka ji shi yana cewa in hali ya yi zai ratse Mokolo ya ga duwatsun Rumsiki. Duk wanda ya zo maka da irin wannan niyya, abin da za ka fara tambayar kanka shi ne, in wani abu ya lalace a Mbe ko a Figil, mai facin da ke gindin bishiya a bakin hanya yana da abin gyara shi?

Shi ya sa nake farawa daga ƙafa. Ɗauko tayar can ka karanta gefenta. Ka ga inda aka rubuta 40-635? Irin ta Phoenix da Hero da tsohon Raleigh ke nan. Lambar farko kaurin taya ne da milimita, ta biyu kuma faɗin rim ne daidai inda bakin taya yake zama. Ta keken tseren an rubuta 23-622. Dukansu biyu za ka ji ana ce musu inci 28, alhali akwai milimita 13 a tsakaninsu, kuma ko za ka kwana kana ɓanɓara da liba, ta 622 ba za ta hau rim na 635 ba. Akwai ma ta uku, ta tsofaffin kekunan Ingila da ake kira inci 27, ita 630 ce, wato ta fi wata mai sunan 28 ɗin girma. Don haka ka daina yarda da inci, ka riƙa karanta lambar baya. Ta keken hawan dutse da muke kira 26 kuwa 559 ce.

A kasuwannin ƙauyukanmu abin da ka fi samu shi ne 635 da 559. Siririyar 622 sai ka shigo babban gari, nan ma sai an tona. Wannan kaɗai ya isa in ce masa ya ɗauki mai 26. In mutum ya nace sai 622, ba laifi, amma bodin keken ya zama mai karɓar taya mai kaurin milimita 35 ko fiye, kuma ya naɗe guda ɗaya ya ɗaure a kariya, wato mazaunin kaya na baya. Taya mai milimita 23 sai an cika ta da iska tam kamin ta ɗauki mutum, to ka ƙara mata kaya, ka faɗa rami ɗaya, rim ya matse tif ya yi masa huda biyu a jere. Ga tsidau kuma. In babbar mota ta taho dole ka sauka gefen titi, kuma nan yake shimfiɗe, ƙayarsa ba ta jin kunyar siririyar taya. Mai kauri ma tana sha, amma ba kamar waccan ba.

Bawul ma abin dubawa ne, ko da yake mutane suna raina shi. Iri uku ne: siriri na keken tsere, na tsohon keke mai ɗan roba a ciki, sai mai kauri irin na babur da mota. Na ukun nake sa wa matafiyi, don duk inda ake facin babur za a ba shi iska. In ramin rim ɗin na siririn bawul ne, ka gaya wa mai keke tun a shago, kada ya sayi tif a hanya ya tarar bai shiga ba.

Sai sifok. Ƙirga na keken tseren. Ba su kai 30 ba, wasu ma 20 ne ko 24. Ƙafar da za ta ɗauki kaya 36 nake so, a saƙa su kowanne ya gitta uku. In ɗaya ya tsinke a cikin 36, ƙafar takan ɗan karkace, ka sassauta birki ka lallaɓa zuwa gari na gaba. In ya tsinke a cikin 20, taya ta dinga gogar bodi ke nan, sai turawa. Kuma ka lura, galibi na baya ne ke tsinkewa, a gefen sarƙa, don su suka fi ɗaurewa, kuma ba ka iya zura sabo sai ka cire haƙoran baya. In ka gama saƙa ƙafa, ka kama sifok bibbiyu ka matse da hannu zagaye guda, ka sake daidaitawa. Yaran yanzu ba sa yin wannan, shi ya sa ƙafa take fita shago a miƙe ta dawo bayan mako tana rawa.

Tunda mun zo haƙoran baya, zo ka ga bambancin da nake ta gaya maka. Wannan firiwil ne, ɗaure shi ake yi da zare a jikin hob, wato cibiyar ƙafa inda sifok suke haɗuwa. Wancan kuwa kaset ne, zura shi ake yi a kulle da zobe, irin wanda kamfanin Shimano ya yaɗa. A mai firiwil, boris na gefen sarƙa yana can ciki, sai ya bar dogon aksil a waje babu abin da ya tallafe shi. In haƙoran jeri 5 ne ko 6, ba damuwa. In sun kai 7 ko 8, aka ɗora kaya, aka hau gargada, aksil ɗin yakan lanƙwashe ko ya karye. A mai kaset boris yana kusa da baki, ya fi jure nauyi. Sai dai firiwil ya fi samuwa a wajenmu, kuma ya fi araha. To ni ga yadda nake yankewa: in kaset ɗin lafiyayye ne, haƙoransa ba su yi tsini ba, a bar shi, don ba abin da zai cinye shi a kilomita 500. In firiwil ne, a sa sabon aksil mai kyau, a ba mai keken wani aksil ɗin ya riƙe.

Giya kuwa, kada yawanta ya ruɗe ka. Abin tambaya shi ne, mafi sauƙinta ya take? Keken tseren nan yana da haƙora 52 da 42 a gaba, mafi girma a baya 24. Ko a mafi sauƙin giyarsa, feda ta zaga sau ɗaya, taya ta kusa zagawa sau biyu. Na ƙarfen da na nuna masa yana da faranti uku a gaba, 48 da 38 da 28, a baya kuma har 32. In ya sa 28 da 32, tayar ba ta ma cika zagaye ɗaya ba a kowace feda, sai ya hau tudu a zaune yana numfashi kamar mutum. Ngaundere tana sama da mita 1,000 daga teku, Garwa kuwa wajen 200 ne, ka ga zuwa nan gangara ta fi yawa. Amma wanda ya gangaro wata rana zai koma, kuma hanyar Mokolo da Rumsiki hawa ce ta gaske. Jeri 7 ko 8 a baya ya wadatar. Sarƙarsu ɗaya ce da ta mai 6, tana da kauri, ana samunta. Daga 9 zuwa sama sarƙa sai ƙara sirancewa take yi, kowace da tata, ga tsada, kuma ƙurar hunturu in ta haɗu da mai sai ta dinga cin ta. Af, kada ka sake in ga ka sa sarƙar Phoenix a keke mai giya, ta yi faɗi, ba za ta shiga tsakanin haƙora ba.

Gane sarƙar da ta gaji ba wuya. Daga fil zuwa fil rabin inci ne, saboda haka daga fil na farko zuwa na 25 inci 12 ne cif. Ɗora ma'auni. In ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, canza ta. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta ci haƙoran, sabuwar sarƙa za ta dinga tsalle a kansu.

Birki shi ne inda ba na wasa, saboda gangaren nan da ke tsakanin Ngaundere da Mbe, inda ka san manyan motoci kansu da addu'a suke sauka. Birkin sanda irin na Phoenix a kan rim na ƙarfe mai walƙiya bai isa ya tsayar da keke mai kaya a wurin ba, balle in an yi ruwa. Ina son rim na alminiyam da birki mai dogayen hannuwa biyu da ake ja da waya. Wayar tana ko'ina, robar tana ko'ina. Birki mai faifai yana kamawa ƙwarai, amma in mai aiki da mai ne, ranar da tiyonsa ya fashe a daji shi ke nan. Ka kuma gaya wa mai keke kada ya riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Rim yakan yi zafin da ba ka iya taɓa shi, iska ta kumbura, tsohon faci ya saki. Ya ja ya saki, ya ja ya saki, in gangaren ya yi tsawo ya tsaya ya sha ruwa rim ya huce.

Yanzu bodi. Ƙarfe in ya tsage, mai walda na kowane gari zai kama shi ka ƙarasa tafiya. Alminiyam sai walda ta musamman, kuma ko an yi wurin ba ya komawa da ƙarfinsa. Na kabon kuwa kyan ɗan maciji ne a wajenmu, yana iya tsagewa ta ciki ba ka gani ba, ranar da zai karye ba sallama. Ka duba akwai ramukan ɗaure kariya a kusa da aksil na baya da kuma ƙarƙashin sirdi. Keken tsere yawanci ba shi da su, bayansa kuma gajere ne, in ka rataya jaka diddige ya dinga bugunta.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman, tunda gwanjon Faransa yana shigo mana: tsofaffin Peugeot da Motobécane kekuna ne masu daɗin hawa, amma da yawansu zarensu na Faransa ne. A na Ingila, wanda yanzu shi ne gama-gari, kofin gindin feda na gefen sarƙa zarensa na hagu ne. A tsohon na Faransa duka biyun na dama ne, kuma girman ba ɗaya ba. Fedarsu ma haka, milimita 14 ce, ta ɗan fi ta yau ƙanƙanta, wuyan kan keken kuma 22 ne maimakon 22.2. Abin kamar zai shiga, sai ka sa ƙarfi, sai zare ya mutu. In ka ji ƙarfe yana gardama a zagaye na biyu, ajiye sifana ka kira ni. Irin wannan keke ka sayar wa mai yawo a cikin gari, kusa da mu.

Girman keke da mai shi ba dogon zance ba ne. Ya tsaya ya raba ƙafa a kan sandar sama, a samu tazarar yatsa biyu ko uku. Ya hau sirdi ya ɗora diddige a feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. In ya mayar da tafin gaba, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, daidai ke nan. Kan keke kada ya yi ƙasa da sirdi da yawa, don wanda zai wuni a kai ba zai jure sunkuyon 'yan tsere ba. Sirdi mai laushin soso ma yaudara ce, bayan awa biyu shi ke sa zafi da gogewa. Wanda ya saba da shi ya fi, ko da tsoho ne.

In ya dawo gobe, kamin ya iso ka kwance hob biyun ka wanke boris da kananzir ka sa sabon giris, ka canza wayoyin birki da robobinsu, ka sa sabon ƙyalle a cikin rim don kan sifok kada ya huda tif. Ka haɗa masa tif biyu, sholisho da faci, liba, famfo, sifok huɗu na baya ɗaure a jikin bodi, da guntuwar sarƙa. Ka ɗaura masa mazaunin gorar ruwa biyu. Iskar taya kada ka kai ta ƙarshen lambar da aka rubuta, rana za ta ƙara mata. Sannan ka tambaye shi watan da zai tashi. In ya ce Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce 40, ka ce maigida ya ce ya bari sai Disamba ko Janairu, in kuma ya ƙi, to ya riƙa fita da asuba ya nemi inuwa kamin azahar.