Tambaya da Amsa: Koyon Aikin Gadi a Fanar ɗin Sanganeb

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Bur Sudan, ina son shiga aikin gadin gandun teku. An ce masu koyo sukan yi kwanaki a fanar ɗin Sanganeb. Kunna fitila za a sa ni, ko me?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Fanar, wato hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, tana da nata ma'aikata. Kai abin da ke kewaye da ita za ka tsare. Sanganeb tudun murjani ne a cikin Bahar Maliya, kimanin kilomita 25 daga gaɓa. An mai da shi gandun ƙasa a 1990, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016 tare da mashigin tekun Dungonab, inda ake samun wata dabbar ruwa 'yar'uwar ayu. Hasumiyar ta kai kusan mita 50, daga samanta kuwa kana hango wanda ya shigo kamun kifi ko ya jefa anga a kan murjani. Sai ka rubuta ranar, da lokacin, da wurin, da kamannin jirgin.

Amma rabin aikin kwale-kwale ne. In injin mai shan gauraye ne, yawancinsu kashi 50 na fetur ake zuba wa kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a tankin lita 25. Duba takardar injinka dai. Da ka tayar, leƙa baya ka ga siririn ruwan da yake tsartowa, alamar ruwan da ke sanyaya injin yana zagayawa. In babu, kashe nan take: ko gishiri ya toshe hanyar ruwan, ko farfelar robar famfon ta cinye, kuma minti kaɗan ya isa injin ya ƙone. Mai kuwa a kasa shi uku: na zuwa, na dawowa, na ko-ta-kwana. Oba-oba ta zauna a tasha ta 16, ta neman agaji.

Kada ka ratsa murjani da sassafe ko da yamma lis, ko rana tana dukan idonka. Bari ta ɗaga, ta kasance a bayanka. A lokacin ne launin ruwa zai nuna maka zurfinsa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore ya fara tudu, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne dab da cikin jirginka. Sababbi nan suke fasa farfela.

Sai gishiri, wanda ba ya hutu. Faifan sola a goge shi da ruwan daɗi, kan batir a kankare farin garin a shafa giris. Ruwan daɗin kuma duk a jarka yake zuwa daga gari, babu rijiya a can. A lokacin zafi yanayi kan haura digiri 40, don haka a ware wa kowa aƙalla lita 5 ta sha a yini, a ƙara na kwana biyu ko uku saboda iskar arewa kan hana jirgi zuwa.

Tambaya: Malam, ɗana ne zai tafi, ni kuwa tsoron manyan kifaye nake yi.

Amsa: Hajiya, a kwantar da hankali. Abin da ya fi kai ma'aikaci asibiti ƙanana ne: yankan murjani da ƙayar kifin da ke kwanciya kamar dutse. Ki saya masa takalmi mai kaurin tafi, kada ya taka ruwa da silifa. In ƙaya ta soke shi, a tsoma ƙafar a ruwa mai zafin da fata za ta jure, wajen digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a kai shi gari. Yankan murjani a wanke da sabulu da ruwan daɗi har ɓarɓashin ya fita, domin shi ke sa ciwon ya ruru. A kuma tabbata ya iya iyo tun kafin ya tafi, rigar hana nutsewa a jikinsa duk lokacin da yake cikin jirgi.