Awon safe da takalmin Alhaji

Ka ce, "Maigida, me ke sa sabon takalmi ya yi wa mutum bororo?" Wata takwas kana rumfar nan, sai yau ka yi tambayar kirki. Ajiye wayar nan tukuna.

Guga ce, gumi yana taya ta. Dunduniya ta yi ta zamewa a cikin takalmi, ko ɗan yatsa ya matsu, wurin ya yi ja, ruwa ya taru ƙarƙashin fata. Lausasa fatar takalmi da man kaɗe kuwa ba zan tsaya koya maka ba.

Wani Alhaji daga Tudun Wada ya taɓa sa ni ɗinka masa sau-ciki na Sallah. Da sassafe ya zo awo. Na ce ya dawo bayan la'asar, domin ƙafa tana kumbura da yamma, ya ce sauri yake yi. Na ce in bar masa faɗin babban yatsa a gaba, ya ce shi cif yake so. Kuɗinsa na duba na yi shiru, kuma nan ne na yi kuskure.

Ranar Idi ya zura shi sabo fil, ba safa, ya taka daga masallacin Idi har ƙofar fada kallon hawa. Ya koma gida dunduniya ta yi bororo, ya sa allura ya fasa, ya ɓare fatar. Ashe yana da ciwon suga, bai faɗa mini ba! Irinsu ƙafarsu ba ta cika jin zafi ba, ciwon ma ba ya saurin warkewa. Wurin ya yi ruwa, ya fara wari, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Ya hana ni cikon kuɗina, ya bi majalisa-majalisa yana cewa takalmina ne ya kusa raba shi da ƙafa. Ni, da na gaji dukanci wajen mahaifina!

Ku yaran yanzu gam kuka sani, ba ku sa hannu cikin takalmi ku ji inda ɗinki ya yi tudu. Kowa ya zo karɓa, ka ce ya fara da awa ɗaya ko biyu a gida, da busasshiyar safa. Wuri ya fara zafi, ya manna filasta tun bai tashi ba. In ya tashi kada ya fasa, ya wanke ya rufe. Mai suga kuwa ya duba ƙafarsa kullum, ya ga ja ko mugunya ya nufi asibitin Shika a ranar.

Miƙo mini guduma in daddake bayan wannan takalmin.