Tambaya da Amsa: Ɗalibaina Sun Iya Labari, Amma Rubutun Bayani Ya Gagare Su

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, ina koyar da 'yan aji biyu. Yarana in dai tatsuniya ce ko ƙagaggen labari, za su karanta su maimaita maka shi tiryan-tiryan. Amma da zarar na ba su rubutun da ke bayanin wani abu, irin na auna fahimta, sai su karanta da baki lafiya lau, in na ce me aka faɗa sai aji ya yi tsit, ko su kwafo mini jimla sukutum daga cikin rubutun. Sun haura saba'in, littafi kuma bai kai goma ba. Abokin aikina mai koyar da kimiyya shi ma kukansa ke nan. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?
Wata malama, daga Malumfashi, Jihar Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Allah Ya saka miki da alheri da kika damu da wannan, domin da yawa sukan ce yaran ne ba sa ganewa, su wuce abinsu. Yaranki suna ganewa. Labari sun san hanyarsa tun suna kwance a cinyar kakanninsu: wani yana son wani abu, an tare masa hanya, ga yadda ta ƙare. Rubutun bayani ba shi da Gizo, ba shi da Ƙoƙi. Abin da ke riƙe da shi wasu ƙananan kalmomi ne: saboda, don haka, amma, sai dai, bayan nan, idan. Su ne igiyar da ta ɗaure damin, in aka zare ta sai zangarniya ta watse. Yaron da ke karatu da baki yana tsallake su ba tare da ya ji nauyinsu ba, shi ya sa yake ƙare shafi da jimloli goma a warwatse, ya rasa wacce ce ta haifi wacce.

Akwai kuma abu na biyu. A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ba yara 64 masu shekarun ɗalibanki wani rubutu a kan besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda a can. Yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan, sun fi fahimtar rubutun a kan gwanayen karatun da ba su san wasan ba. Abin da yaro ya shigo da shi cikin shafi yana da babban rabo a abin da zai fita da shi. To, me yaran Malumfashi suka sani fiye da marubucin littafinsu? Gona. Shi ya sa nake ba ki shawara ki fara da fure, kuma furen kabewa, tunda a farkon zangon farko, wajen Satumba, tana nan ta yi yaɗo a kan dangogi da rufin rumfuna.

Ki sanar da su tun ana gobe cewa da safe, a hanyar makaranta, a tsinko furen kabewa. Dole ya zama na safiyar, don kafin azahar ya yi yaushi ya rufe. Ki ce su duba da kyau, iri biyu ne: akwai mai dogon siririn wuya, akwai mai ɗan ƙullutu kore a ƙarƙashinsa. Na farkon a kawo da yawa. Na biyun ki wakilta yara kaɗan, kuma su nemi izinin mai ita, domin kowane ɗaya da aka tsinke kabewa guda ce aka rasa, ba na son ki fara darasi da rigimar iyaye. Ki raba ajin rukuni-rukuni, bakwai ko takwas, kowane rukuni da furanninsa. Minti biyar, ba biro ba takarda. A tsaga furen a duba. Wanda ya sa yatsa a tsakiyar mai dogon wuya zai fito da wani gari rawaya. Wanda ya taɓa tsakiyar mai ƙullutu ba zai sami gari ba, wani abu zai ji mai rassa gajeru da ɗan danƙo.

Daga nan ki yi tambaya ɗaya: me ya sa kabewa ke yin fure birjik amma 'ya'yanta ba su da yawa? Ki rubuta amsoshinsu a gefen allo, kada ki gyara ko ɗaya. Wani zai ce iska ke kakkaɓewa, wata ta ce tsutsa ce, wani ya ce baki ne. A wani aji da na koyar, wani yaro ɗan bencin baya wanda ban cika jin muryarsa ba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai namijin ba ya ɗa." A gonar mahaifinsa ya ji haka, kuma ranar shi ne ya ja rukuninsu.

Yanzu sai karatu. Tunda ba littafi, ki rubuta wannan a allo, ko makamancinsa:

"Kabewa tana fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace. Namijin ne ke fara fitowa, kuma ya fi yawa. A cikinsa akwai wani gari rawaya, amma ba ya yin ɗa, don haka yakan bushe ya faɗi. Macen kuwa tana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta, wanda shi ne zai zama kabewa. Sai dai ba zai girma ba sai garin namijin ya sauka a tsakiyar furen macen. Garin yana da nauyi da danƙo, saboda haka iska ba ta ɗaukarsa. Ƙudan zuma ne ke wannan aikin: yana shiga namijin neman ruwan zaƙi, garin ya manne masa, sannan ya shiga macen ya goga mata shi. Furen yakan buɗe da sassafe ya rufe kafin rana ta take. Idan ƙudan zuma bai zo a wannan ɗan lokacin ba, ƙullutun zai yi rawaya ya ruɓe."

Jimla tara ce, kuma ta ishe ki darasi biyu. Ki fara karantawa da kanki, kina tsayawa kina faɗin abin da ke zuciyarki su ji. In kin kai "sai dai", ki dakata ki ce, "Af, ashe akwai sharaɗi, bari in ga mene ne." In kin kai "ba zai girma ba", ki tambaye su wane ne ba zai girma ba, su koma baya su nemo shi. In kin kai "wannan aikin", ki ce wane aiki? Nan ne za ki sha mamaki, Malama. Rabin ajin za su ce shan ruwan zaƙi, alhali ɗaukar gari ake nufi, kuma amsar tana cikin jimloli biyun da suka gabata. Wannan komawa baya don gano abin da "shi" ko "wannan" ke nufi, yawancin yara ba a taɓa nuna musu shi ba, kuma ina ganin shi ne rabin ciwon.

Bayan haka ki goge kalmomin haɗin nan ki bar gurbinsu, su cike. Ki sa "amma" a inda "saboda haka" take, ki tambaye su ko maganar ta zauna. Za su yi gardama a kai, ki bar su su yi, muddin kowa zai kafa hujja da abin da ke allo. Sannan ki kawo tambayar da ba a iya kwafo amsarta: wani manomi ya fesa maganin ƙwari a gonar kabewarsa da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da take fure. Me zai iya faruwa da amfaninsa, kuma waɗanne jimloli ne suka gaya maka? Yaron da ya haɗa ƙudan zuma da lokacin buɗewar fure da ruɓewar ƙullutu ya karanta rubutun. A ƙarshe ki juya su ga amsoshin da ke gefen allo, su faɗi wacce rubutun ya tabbatar, wacce ya rushe, wacce bai ce komai a kanta ba. Sai kowa ya rubuta bayanin cikin jimla uku da kalmominsa, an goge allo.

Gargaɗi ɗaya nake yi da babbar murya. Fure yana da daɗin kallo, yana iya cinye darasin gaba ɗaya, a tashi an yi wasa da fure ba a karanta komai ba. Minti biyar zuwa goma ya ishe shi, sauran lokacin na rubutu ne. Kada kuma ki fara da zanen fure mai sunaye goma a haddace. Haddar sunan sashe ba ta koya wa yaro yadda ake bin hujja.

Makonnin gaba sai ki canja shuka, ki canja ginin rubutun. Wata mai bincike, Bonnie Meyer, ta nuna tun a shekarun 1970 cewa rubutun bayani yana bin 'yan hanyoyi ne ƙalilan, kamar jero matakai, kwatanta abu biyu, ko dalili da sakamako, kuma mai karatun da ya gane hanyar da aka bi ya fi riƙe abin da ya karanta. Gyaɗa ta dace da jero matakai: fure rawaya a sama, ya yi barbara da kansa, ya bushe, wani tsinke ya fito daga gindinsa ya sunkuya ya shiga ƙasa, a can ƙwanso ke girma. Ki rubuta matakan a guntayen takarda ki cakuɗa, su jera, su faɗi kalmar da ta nuna musu na farko da na ƙarshe. Masara kuwa ta fi kowacce daɗin koyarwa. Garinta na can ƙololuwar kara, iska ke kwaso shi, kuma kowane silin gashin masara yana haɗe da ƙwaya ɗaya. Silin da gari bai sauka a kansa ba, gurbinsa ne ke zama giɓi a jikin goyon. Ki kawo masara mai giɓi ki ajiye a tebur kafin su karanta. Za ki iya ƙara musu da labarin Rudolf Camerarius, wani masani a Jamus, wanda a 1694 ya bayyana cewa da ya cire gashin masara, ƙwaya ba ta fito ba. Wannan gwaji ne da yaro zai iya maimaitawa a bayan gida.

Kada ki tsaya a fure har ƙarshen shekara. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ba lalle ta kawo kabewa ba. Bayan wata guda ko biyu ki ba su rubutu a kan abin da ba su sani ba sosai, kamar yadda sauro ke yaɗa zazzaɓi, ki ga ko za su nemi kalmomin haɗin da kansu. Abokin aikinki kuma ku daidaita: makon da kika yi kabewa da Hausa, shi ya yi sassan fure da Turanci, ya nuna musu takwarorin kalmomin haɗin nan a littafinsa. Allah Ya yi jagora.

TAMBAYA: Malam, na ji ana yaba wannan salo na koyar da karatu da tsirrai, amma makarantarmu a tsakiyar birni take, ba gona, ba ko shuka ɗaya a harabar. Kuma maza da mata ne a ajin, ina tsoron maganar namiji da mace ta jawo dariya ko ƙorafin iyaye.
Wani malami, daga cikin birnin Kano.

AMSA: Malam, birni ma ba ya rasa fure. Zogale na nan a gidaje da yawa, kuma inda yake samun ruwa kusan ba ya yanke fure. Mangwaro yakan yi nasa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ɗaruruwan ƙananan furanni a reshe guda, amma kaɗan ne ke zama 'ya'ya, kuma wannan kaɗai ya isa tambayar buɗe darasi. Gwanda ma akwai namijinta mai dogayen zarar furanni da ba ya ɗa, yara da yawa sun taɓa jin an ce a sare shi. In duk babu, ka sayi busasshen zoɓo a kasuwa ka jiƙa shi ya buɗe. Abin da muke sha ɗin nan kofin da ke tallafe da furen ne, wanda ke kumbura ya yi ja bayan ainihin furen ya faɗi. Ka ba su a hannu, sannan su karanta yadda hakan ke faruwa. Za ka iya kuma shuka kuɓewa a tsohon bokiti in sanyi ya wuce, cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu za ta yi fure.

Abu biyu ka hana su kawowa. Zaƙami, mai babban farin fure kamar kakaki, guba ne tun daga fure har 'ya'ya. Tumfafiya kuma farin ruwanta yana illa ga ido.

Maganar dariya, za a yi ta a minti na farko, in ka ci gaba da fuskar aiki za ta wuce. Ka fara da dabino, domin shi namiji bishiyarsa daban, mace daban, kuma masu nomansa sukan hau namijin su yanko reshen fure su sa a cikin na macen don a sami 'ya'ya masu kyau. Manoman Madina suna yin haka tun zamanin Manzon Allah (SAW), labarin yana cikin Sahihu Muslim, kuma wasu daga cikin yaranka sun ji shi a Islamiyya. Ka nuna wa shugaban makaranta rubutun kafin ka shiga aji, ka kuma bar yara su tafi da kwafinsa gida a littafinsu, duk uban da ke da tambaya ya karanta da idonsa abin da aka koyar.